Jaki da zafin bazara: kundin aikin saka kular mai

Asabar, 5 ga Afrilu, 2025

Sallah ta wuce, baƙi sun watse, yau na samu sukunin fara aikin da nake ta ɗagewa tun kafin azumi. Babur ɗina mai ƙafa huɗu, wanda yaran gida suka laƙaba wa suna Jaki, ya fara nuna mini cewa zafin bana ya fi ƙarfinsa. Na hannu na saye shi, ƙirar Sin ne, injin GY6 mai cc 150, a jikinsa an buga 157QMJ. Ba ya shan ruwa, ba shi da lagireto. Fanka ce guda ɗaya a gefen dama tana juyawa tare da injin, tana tura iska cikin wata rigar roba da ta lulluɓe silinda. Baƙin man da yake ɗauka kuwa bai cika lita ɗaya ba. Wannan ɗan man shi ne zai jiƙa ƙarafa, shi ne kuma zai kwashe wani kaso na zafin.

Asalin injin na sikuta ne, an yi shi don ya ɗauki mutum ɗaya ko biyu a kan kwalta. Ni kuwa a lambuna da ke bayan Panshekara, kusa da kogin Challawa, amalanke nake ɗaura masa, in loda buhun taki shida, ya yi ta ja cikin yashi yana tafiyar hawainiya. Bayan kamar minti ashirin sai ƙarfinsa ya ragu, sulo ya ƙi tsayawa, warin ƙonannen mai ya taso. Man da na zuba sabo, sati biyu kawai ya koma kamar ruwan bunu, baƙi kuma tsararo.

Shawarar da na yanke ita ce in saka masa ɗan ƙaramin lagireto na mai, wanda kanikawa ke kira kula. Da na ce wa uwargida zan sayi kula ta dubu hamsin da wani abu, cewa ta yi, “Abban yara, wace irin kula ce wannan, ta biki?” Sai da na nuna mata hoto.

Litinin, 7 ga Afrilu

Na tura kuɗi ga wani dila a Legas: ₦58,000 na kula da adafta da tiyo biyu, ₦4,000 kuɗin mota. Ya ce kwana uku.

Laraba, 9 ga Afrilu

Na shiga Sabon Gari neman ma'aunin zafi. Da farko na ɗauka bindigar auna zafi da muka saya lokacin korona za ta yi, ashe ita iyakacinta zafin jikin mutum, da ka nuna mata injin sai ta rubuta maka shirme. Na samu mai dogon tsinke, irin na masu gashi, yana kai digiri 300, a kan ₦9,500. Tsinken yana shiga ramin sandar auna mai ya taɓo man kansa, abin da nake so ke nan.

Asabar, 12 ga Afrilu

Kaya ba su iso ba. Na ce bari in yi amfani da ranar in san inda na tsaya. Ƙarfe ɗaya na rana, buhu shida, daga bakin hanya zuwa ƙarshen lambu, sawu uku. Na kashe injin, na zare sanda, na zura tsinke. Digiri 131.

Na daɗe ina kallon lambar. Baƙin mai ya fi jin daɗin aikinsa tsakanin digiri 80 zuwa 110. Idan ya haura 120 yana tsinkewa, ya kasa riƙe tsakanin ƙarfe da ƙarfe yadda ya kamata, kuma yana saurin lalacewa. Wato shekara biyu ina dafa injin nan a hankali ban sani ba.

Da yamma na ɗauko a-kori-kura muka kawo Jaki cikin gari, garejin bakaniken da nake kai wa aiki a Ɗorayi. Dattijo ne, tun zamanin acaɓa yake gyaran babura, da aka hana ɗaukar fasinja a babur a 2013 ya koma gyaran adaidaita sahu. Na ba shi labarin kula. Bai ce komai ba, ya ɗauki sukundireba ya fara kwance rigar robar nan.

Abin da muka gani ya ba ni kunya. Tsakanin haƙarƙarin silinda ya cushe da ƙaiƙayi da busasshen laka, sun haɗu da yoyon mai sun zama kamar siminti. A lungun baya har da gidan zanzaro, ba ɗaya ba, uku. Ƙasan rigar kuma ya fashe, wani yanki ya ɓalle tun ban san yaushe ba, don haka rabin iskar da fanka ke turawa waje take ficewa ba ta taɓa silinda ba.

Ya ɗago ya ce, “Alhaji, ka riga ka tura kuɗin?”

Na ce, “Na tura, Oga.”

Ya ce, “To Allah ya sa alheri. Amma da nan ka fara zuwa.”

Ba ni da ta cewa. Mun wanke da kananzir da tsohon buroshin haƙori, muka busa da iskar mai faci.

Talata, 15 ga Afrilu

Na samo ƙasan rigar, na hannu, ₦6,000. An ɗaura. Oga ya duba fulogi ya ga bakinsa ya yi fari fat, alamar fetur ya yi wa iska kaɗan, kuma hakan ma na ƙara wa injin zafi. Robar da ke tsakanin kafireto da injin ce ta tsage tana shan iska. Yana da wata a akwatinsa, ya saka, bai karɓi komai ba.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Na mayar da shi lambu don in sake aunawa kafin a taɓa komai. Lokaci ɗaya, kaya ɗaya, sawu uku: digiri 119. Wato wanki da roba ta dubu shida sun sauke digiri 12. Na so in ce a bar maganar kula haka nan, to amma 119 ɗin ma a bakin gaɓa yake, ga watan Mayu na tafe, ga kuɗi sun riga sun tafi Legas.

Asabar, 19 ga Afrilu

Kaya sun iso jiya da daddare, kwana uku sun zama goma sha ɗaya. Na karɓo a tasha da safe, na wuce gareji, ƙanena ya biyo ni da Jaki.

Bari in bayyana yadda abin yake, don duk wahalar da za ta iya biyo baya daga nan take. Injin GY6 ba shi da filtar takarda irin ta mota. A ƙasansa akwai wani babban murfi mai zare, idan ka kwance shi sifirin zai faɗo tare da wata 'yar rariya mai kama da hular yatsa. Ta cikin rariyar nan famfon mai ke zuƙo mai daga kwanon injin, sannan ya tura shi sama. Adaftar da aka aiko mini tana maye gurbin murfin ne. Tana da baki biyu: ta ɗaya mai zai fita ya je kula, ta ɗayan ya dawo ya shiga famfo.

Ma'ana, kular ba a bayan famfo take ba inda ake tura mai da ƙarfi. A gabansa take, inda ake zuƙa. Kamar mai shan lemo da tsinke ne, ka ƙara masa tsawon tsinken, ka kuma lanƙwasa shi.

Oga ya juya adaftar a hannu ya ce shi dai bai son irin wannan haɗi. Ya ce injinan keken ɗaukar kaya da yake gyarawa, masu kula tun daga kamfani, ta murfin kulochi suke fitar da mai bayan famfo. Na ce wannan injin ba shi da wannan hanyar sai an huda shi, ni kuma ban yarda a huda ba.

Muhawara ta gaba ita ce inda za a kafa ta. A gaba, ƙarƙashin fitila, nan ne iska take, amma tiyo zai kai kusan mita ɗaya kowane ɓangare. Kusa da injin tiyo gajere ne, amma ba iska, ga zafin salansa. Ƙanena ya ce, “Yaya, a sa a gaba, ya fi kyan gani.” Shi kyan gani ya dama. Mun tsaya a tsakiya: jikin firam, bayan ƙafafun gaba, ƙasa da tanki, bakunanta biyu suna kallon sama don kada mai ya tsiyaye ya koma kwano duk lokacin da aka kashe injin.

Tiyon da ya zo cikin kwali ya gaza da kusan taƙi ɗaya. Na kira dilan, ya ce ai na sikuta ne, ban gaya masa mai ƙafa huɗu ba ne. Na gaya masa, saƙon yana nan a wayata. Ban tsaya jayayya ba.

Lahadi, 20 ga Afrilu

Mai walda ya yi mana maƙalai biyu na ƙarfe, muka sa roba tsakaninsu da kula saboda jijjiga. ₦7,000. Galan ɗin mai 20W-50 lita huɗu, ₦19,000.

Laraba, 23 ga Afrilu

Yau aka haɗa. Da yake tiyo ya gaza, yaron shago ya ruga ya sayo baƙin tiyo a wajen masu kayan adaidaita, irin na fetur mai ɗan kauri. Na matsa shi da yatsa na ji laushi, zuciyata ta ɗan yi ɗar, amma rana ta yi, ina son in ga an tayar. Laifina ne wannan, ba na yaron ba.

Abu ɗaya da muka yi daidai: ba mu tayar da injin kula na wofi ba. Mun cika ta da mai ta baki ɗaya da sirinji har ya ɓullo ta ɗayan, muka cika tiyo, sannan muka ɗaure. Oga ya cire murfin kan injin, ya zare hular fulogi, ya ce a danna sitata. Daƙiƙa biyar, ba komai. Goma, ba komai. Na fara jin gumi a bayana. Can sai mai ya fara tsartuwa a kan kam, wato sandar da ke juyawa a kan injin tana buɗe bawul. Aka mayar da murfi, aka tayar, ya yi sulo lafiya. Na ɗora hannu a kan kula ina jin ɗumi yana shigarta daga gefe ɗaya yana ratsawa zuwa ɗayan.

Kula da tiyo sun ci ƙarin mai kusan rubu'in lita. Kuɗin aiki ₦5,000.

Asabar, 26 ga Afrilu

Asabar ɗin ƙarshen wata, tsaftar muhalli, ba fita sai ƙarfe goma. Mun isa lambu wajen sha biyu.

Sawu na farko lafiya. Na biyu lafiya. A na uku, ina tsakiyar yashi, na ji wata ƙara daga kan injin, kas-kas-kas, kamar ana kaɗa cokali a kwano. Na ɗauka sarƙa ce ta saki. Maimakon in kashe, sai na ƙara totur don in fita daga yashin in duba a tudu. Wannan mitoci talatin ɗin su suka ci ni. Kafin in kai tudu ƙarar ta cika lambun, har mai gadi ya taso yana ɗaga mini hannu.

Na kashe. Na duƙa na leƙa ƙasa ina neman inda mai ya zube. Ko ɗigo babu. Na zare sanda, mai cike yake, har ya ɗan haura alama. Na taɓa kula, ɗumi-ɗumi kawai, alhali injin ba ya taɓuwa. Sai idona ya kai kan tiyon da ke dawowa daga kula zuwa injin. A inda ya lanƙwasa ya shafe, ya manne kamar tsinken lemo da yaro ya tsotse. Da mai ya yi zafi robar ta yi laushi, famfo na zuƙa, ita kuma ta rufe bakinta. Mai na nan cike a kwano, sama kuwa ƙishirwa ake yi.

Abin da ya fi tsorata ni shi ne babu wata alama. Da a bayan famfo kular take, in wani abu ya samu tiyo za ka ga mai na feshi, ka tsaya. A nan kuwa komai tsaf, ƙasa a bushe, injin na cin kansa. Kuma wannan injin ba shi da fitilar gargaɗin mai ko kaɗan.

Ban sake tayarwa ba. Ni da mai gadi da wasu yara biyu muka tura shi har bakin hanya. Na kira Oga, ya saurara har na gama, ya ce, “Kada ka kuskura ka ba shi wuta, Alhaji. Kawo shi yadda yake.” Bai ce ai na faɗa maka ba. Da ya faɗa ma da ya fi mini sauƙi.

Daren nan ban yi barcin kirki ba, ina ta lissafin kuɗin sabon injin.

Litinin, 28 ga Afrilu

An buɗe kai. Kam ya yi zane-zane, tuddansa biyu sun canza launi zuwa shuɗi-shuɗi, 'yan rokan da ke danna bawul sun cinye a inda suke gogar kam. Da muka juye man a farin kwano muka kai rana, yana ƙyalli kamar an barbaɗa masa garin azurfa.

Abin da ya rage a sani shi ne ko ƙasa ta taɓu. Oga ya zare silinda. Fistin da ringi lafiya, bangon silinda ba zane. Ya kama sandar fistin ya ja sama ya danna ƙasa, ba ta motsi. Ya ce sa'ata ɗaya, ƙasan wannan injin a kan boris masu ƙwallo yake juyawa, su kuma suna iya haƙuri da ɗan fantsamar mai na ɗan lokaci. Da injin mota ne mai metal, a cewarsa, da yanzu muna maganar buga inji.

Ya tambaye ni, “To yanzu a cire ta a mayar da murfin asali, ko a ci gaba?”

Gaskiya na yi tunanin cirewa. Da 119 zan iya rayuwa, in riƙa hutar da shi bayan kowane sawu biyu. To amma abin da ya faru ba laifin kula ba ne, laifin tiyo ne da gaggawata. Na ce a ci gaba, amma wannan karon yadda ya ce haka za a yi.

Laraba, 30 ga Afrilu

Kasuwar Ƙofar Ruwa tun safe. Na bi layin masu tiyon manyan motoci na samu irin na man giya, mai saƙar zare a cikin jikinsa, faɗin raminsa milimita 10 maimakon 8 na da. Na sa ƙarfina na matsa shi, ko gezau. Mai shagon ya ce an yi shi ne don mai mai zafi. Mita ɗaya da rabi, da bakuna huɗu da suka dace da shi, da kilif masu noti takwas: ₦14,500. A kowace mahaɗa kilif biyu za mu sa.

Kam, roka biyu, gasket na kai da na gindin silinda: ₦23,000. A cikin kasuwar na ga kuloli na hannu da aka ciro daga motoci, manya, rabin kuɗin tawa. Ban yi da-na-sani ba. Tsohuwar kula ba ka san abin da ya kwanta a cikinta ba, in giyar da ta fito daga ciki ta ci kanta ne, garin ƙarfen yana nan yana jiran injinka.

Asabar, 3 ga Mayu

An haɗa injin. Kular mun wanke ta da kananzir sau uku, muka busa, saboda garin ƙarfen da ya zaga cikinta. An sauko da ita ƙasa da kamar yatsa huɗu, an kuma juya bakin adafta yadda tiyo zai tafi a miƙe ba tare da lanƙwasa mai tsanani ba. Inda ya matso kusa da salansa mun naɗe shi da ƙyallen da ba ya cin wuta, muka ɗaure shi nesa.

Oga ya kawo wata dabara da ban taɓa tunani ba. Ya sa guntun tiyo garai-garai, wanda ake ganin ciki, a layin dawowa, na gwaji kawai. Da aka tayar sai ga ƙananan kumfa suna bin mai, jere kamar carbi. Iska na shiga ta wani wuri, kuma ba ɗigon mai ko ɗaya a waje. Muka bi mahaɗa ɗaya bayan ɗaya muna shafa giris, da muka shafa a gindin adafta kumfar ta tsaya. Zoben robar da ya zo da ita siriri ne, bai cika gurbinsa ba. Ke nan tun ranar farko famfon yana haɗiyar iska tare da mai, tun kafin tiyo ya shafe. An canza zobe, kumfa ta ɗauke, aka cire tiyon gwaji aka sa na gaske.

An saita bawul a milimita 0.10 injin na sanyi. Kuɗin aiki ₦8,000. Ƙarin mai lita biyu ₦10,000, don za a yi juye sau biyu a jere a wanke cikin.

Lahadi, 4 ga Mayu

Zagaye a filin bayan gareji, ba kaya, rabin awa. Juye. Ƙyalli kaɗan ya rage.

Talata, 6 ga Mayu

Juye na biyu. Mai tas.

Asabar, 10 ga Mayu

Gwaji na gaske. Kowane sawu sai na tsaya na duƙa na taɓa tiyo, mai gadi yana ta yi mini dariya wai na zama ungozoma.

Buhu shida, sawu uku, rana tsaka: 112. Ba kaya, a kan burji da ɗan gudu, minti ashirin: 98.

Lambobin nan biyu sun faɗi komai. Kula ba ta sanyaya mai da kanta, iskar da ke ratsa ta ce ke yi. A guje tana aiki sosai. A cikin yashi da amalanke, inda nake buƙatarta, tafiyar ba ta fi ta mai sauri a ƙafa ba, iskar da ke shigarta ba ta taka kara ta karya ba. Digiri bakwai kacal na samu a kan duk wannan wahala. Sai an sa fanka.

Talata, 13 ga Mayu

Na samu ƙaramar fanka mai bolt 12, ta lagireton babban babur, da riley da fiyus da waya da makunni: ₦13,500. An ɗaura ta a bayan kula tana janyo iska ta cikinta. Mai wayarin ya ja wuta kai tsaye daga batir, ni kuma ban kula ba.

Alhamis, 15 ga Mayu

Ƙanena ya zaga da shi jiya da yamma, ya kashe injin ya bar fanka na juyawa. Yau batir ko ƙyas. Ya ce, “Wallahi Yaya ban ji ƙararta ba.” Na yarda da shi, ba ta da ƙara. An kai caji, an mayar da riley ɗin kan wayar makulli, yanzu da an zare makulli fanka ta mutu.

Akwai sauran magana a nan. Kwayil ɗin wannan injin ba shi da yalwar wuta. Da fanka da fitilar gaba a kunne a sulo, mita na nuna batir na raguwa ne maimakon ƙaruwa. Da rana ba matsala tunda ba fitila. In dare ya yi mini a lambu sai in zaɓi ɗaya. Ƙwan fitila na LED zai rage jan wuta, yana cikin lissafi.

Asabar, 17 ga Mayu

Buhu shida, sawu uku, fanka a kunne: 103. Na ƙara sawu biyu don in ga ko zai hau: 105, ya tsaya nan. Ƙarfinsa bai ragu ba, sulo daram, ba wari.

Daga 131 zuwa 105. Cikin digiri 26 ɗin nan, 12 na buroshin haƙori ne da robar dubu shida. Na rubuta wannan ne saboda masu irin injin da suka fara tambayata inda na sayi kula. Ga mai hawa a kan hanya ba tare da jan kaya ba, ban ga dalilin saka ta ba, ya buɗe rigar injinsa ya duba tukuna. Ga mai jan kaya a yashi irina tana da amfani, amma fa ta ƙara wa injin wurare shida da iska za ta iya shiga, a layin da ransa ya rataya a kai.

Da la'asar, ina komowa, na haura wata kunya na ji ƙum a ƙasa. Gabana ya faɗi. Adaftar ta fi murfin asali tsawo, ta leƙo ƙasa da kusan yatsa biyu, yanzu ita ce mafi kusa da ƙasa a duk cikin injin. Ta ɗan kurje, ba ta fashe ba. Da dutse ne ba ƙasa ba, da wani labarin ake.

Laraba, 21 ga Mayu

Mai walda ya yanko farantin ƙarfe mai kaurin milimita 3, ya lanƙwasa gabansa sama kamar bakin kwalekwale, aka ɗaure shi a firam da noti huɗu. An huda shi daidai wurin juye don kada sai an kwance. ₦9,000.

Jimillar abin da na kashe zuwa yau ₦186,500, ban da kuɗin a-kori-kura da na daina ƙirgawa. Na fara ne da niyyar dubu saba'in. Cikin wannan, kam da roka da aikinsu da man wanki, ₦41,000, kuɗin gaggawar saka tiyon fetur ɗin nan da ya shafe ne.

Asabar, 24 ga Mayu

Hadari ya fara haɗuwa da yamma, iska da ƙura. Na lura ƙaiƙayi ya soma taruwa a fuskar kula, in damina ta sauka laka ce za ta maye gurbinsa, ƙafafun gaba kuma kai tsaye suke watso mata. Ina son a yi mata raga a gaba, mai ramuka da ɗan faɗi, wadda za a iya zarewa a wanke. Mai walda ya ce in kawo shi bayan Babbar Sallah, yanzu aikin ƙofofi ya yi masa yawa.

Sauran abin da ke gabana: makunnin zafi da zai riƙa tayar da fanka da kansa, don da sanyin safiya ba a buƙatarta, in hunturu ya zo ma wataƙila sai na rufe fuskar kular da kwali don mai ya samu ya yi ɗumi. Sai ƙwan LED. Sai kuma ma'aunin zafi na dindindin a kan kan babur, in daina zura tsinke.

Oga ya ce bayan awa goma na aiki in kawo a buɗe murfin kai a ga yadda sabon kam yake. Na yi awa shida da rabi. Na sake matse kilif takwas ɗin nan yau da safe, biyu sun ɗan saki.